Goggo, Malamar Aji Ɗaya

Ranar da muka kai Goggo makwancinta, ban san yawancin mutanen da suka cika layin gidanta a Sabon Gari ba. Na ɗauka zaman makokin dangi za a yi, mu da 'yan cocinmu da maƙwabta, domin Goggo ba ta bar ɗa ba, mijinta kuma ya rasu tun ban zo duniya ba. Amma kafin rana ta take, bencunan da muka aro daga coci sun cika, sai da matan gidan hayar da take zaune suka fito da tabarminsu.

Wani ƙaton mutum ɗan ƙabilar Ibo, mai sayar da kayan gyaran mota, ya zo da furfura a gemunsa. Aka ba shi kujera ya ƙi. Ya je bakin ƙofar ɗakinta ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa yana kuka. Da ya samu bakin magana sai ya ce da Baba, cikin Hausar 'yan Sabon Gari, "Mama Tica ce ta koya min riƙe fensir. Yau ba kasuwa, na kulle shago."

Wata Hajiya daga Hanwa ta iso da 'ya'yanta mata. Ta yi wa Mama gaisuwa, ta yi addu'a irin tata, sannan ta rage murya ta ce, "Ina aji ɗaya ƙwarƙwata ta cika min kai, ba yarinyar da ke yarda ta zauna kusa da ni. Baiwar Allahn nan ta tsare ni bayan an tashi, ta wanke min kai da hannunta, ta yi min kitso. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yau ni na faɗa."

Tsohon hedimastan makarantar da Goggo ta koyar ma ya zo, yana dogara sanda. Shi bai yi kuka ba. Ya ce, "Faɗan da muka yi da matar nan ba ya ƙirguwa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. Amma jikokina duka ajinta na kai su."

Matan zumunta suna ta waƙa cikin ankonsu. Da Fasto ya nemi Baba ya ce wani abu a madadin iyali, Baba ya miƙe, ya dubi jama'a, ya ce, "Yayata ce." Daga nan ya koma ya zauna.

Ni kuma duk wanda ya zo sai ya kama hannuna ya ce, "Ke ce 'yar da ta riƙe? An ce ke ma koyarwa kike karanta. Madalla, ta samu magajiya." Ina amsawa da kai kawai. Ba su san cewa wannan koyarwar ce ta raba ni da ita na tsawon lokaci ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da ita, da daɗinsa da ɗacinsa. Kowa ya tafi gida da guntun labarinta, ɗakinta kuma za a ba wani haya. Ina tsoron nan gaba kaɗan a wuce ƙofar nan ba wanda zai tuna wa ya zauna a ciki.

Ina 'yar shekara biyar sanƙarau ya kwantar da ni a lokacin zafi. Na tashi, kowa ya gode wa Allah, ba wanda ya lura cewa ciwon ya tafi da kunnena na hagu gaba ɗaya, ya kuma rage ƙarfin na dama. Ni kaina ban sani ba. Na ɗauka haka mutane suke, suna magana ƙasa-ƙasa.

A haka aka sa ni wata firamare a Samaru, inda iyayena suke. Malaminmu ya raba ajin layi-layi. Masu ƙoƙari suna gaba, na tsakiya suna tsakiya, benci na ƙarshe da ke jikin bango kuwa shi yake kira layin jakuna. Ba a daɗe ba na koma can. Yana koyarwa yana fuskantar allo, ni bayansa kawai nake gani da motsin alli. In ya kira sunana ba na amsawa, sai ta kusa da ni ta mintsine ni, kafin in miƙe bulala ta sauka. Wata rana na ga duk aji ya kece da dariya, ni ma na kama dariya don kada a bar ni a baya. Ashe ni ake wa. Ranar a rana na ƙarasa, durƙushe a ƙofar aji, hannuwa sama.

Na fara ciwon ciki kullum da safe. Da aka ba mu sakamako na zo ta ƙarshe, Baba ya zane ni. Shi tela ne a kasuwar Samaru, bai yi nisa a karatu ba, kuma ya ɗora rai a kan ni zan yi. Mama ta ce taurin kai ne, tun da ko a gida sai an kira ni an sake kira.

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Doguwa ce, siririya, da tabarau mai kauri, tafiyarta kamar wadda kullum ta makara. Takan hau bas daga Sabon Gari ta zo duba mu ran Asabar. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana, Uwata take ce mini.

Wata Asabar ta shigo ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, na ba ƙofa baya. Ta yi sallama, ban tashi ba.

Mama ta ce, "Kin gani ko, Yaya? Haka take yi mana. Sai ta ga dama."

Mama ce ta ba ni labarin sauran daga baya. Ta ce Goggo ta ɗaga mata hannu ta yi shiru, ta tsaya tana kallona. Sai ta lallaɓo ta bayan kafaɗata ta hagu ta ce a hankali, "Uwata, zo ki karɓi alewa." Na ci gaba da tsintata. Ta sake faɗa. Ban motsa ba. Ta zagaya ta dama ta faɗa da irin muryar, sai na zabura har tiren ya kusa kifewa. Abin da ni nake tunawa shi ne na ga Goggo ta zauna a kan turmi, ta cire tabarau, tana share ido da bakin gyale.

Da Baba ya dawo ko ruwa ba ta bari ya sha ba.

"Sau nawa ka daki yarinyar nan?"

"Yaya, ba ta jin magana ne."

"Ka faɗi daidai ba ka sani ba. Ba ta jin magana, don kunnen ne ba ya ji. Ka taɓa ganin yaron da aka kira ya karɓi alewa ya yi taurin kai?"

Baba ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya sulale ya zauna a dandamali. A makon aka kai ni asibiti, likita ya tabbatar. Ya ce na hagun ba zai dawo ba. Muna fitowa Goggo ta ce wa iyayena, "Ba shawara nake nema ba. A haɗa mata kayanta."

Haka na koma Sabon Gari, ciki da falo a wani gidan haya mai ɗakuna jere. Maƙwabtanmu Yarbawa ne da Ibo da mutanen kudancin Kaduna, tsakar gidan kullum ƙamshin soyayyen kifi da manja, ana hira da harshe ya fi uku a lokaci guda. Makarantar da take koyarwa ba nisa, da ƙafa muke zuwa. Ta mayar da ni aji ɗaya, alhali sa'o'ina sun wuce aji biyu. Na yi kuka na ce ni na gama aji ɗaya. Ta ce, "Zama kika yi a cikinsa, ba ki yi shi ba. Yanzu za ki yi."

A ajin Goggo ba layin kowa. Ta zaunar da ni a bencin gaba, inda kunnena mai ji yake wajenta. Ba ta taɓa magana tana fuskantar allo. Sai ta gama rubutu, ta juyo, ta jira kowa ya dube ta, sannan ta buɗe baki. In za ta yi wa yaro magana shi kaɗai, tsugunnawa take yi har fuskarta ta zo daidai da tasa, ko da gwiwoyinta suna ƙara. Tana da bulala, amma nuna harafi take yi da ita. A ajin nan na fara gane cewa abin da malami yake rubutawa a allo yana da alaƙa da abin da bakinsa yake faɗa.

Ranar farko na ɗaga hannu na ce, "Goggo." Ta yi kamar ba ta ji ba. Na sake. Ta dube ni ta saman tabarau, ta kira ainihin sunana, ta ce, "Nan ba Goggo. Goggo tana gida tana jiran ki da tuwo. Nan Malama ce." Muna fita ƙofar makaranta kuwa ta karɓi jakata ta ce, "Uwata, yunwa ko?"

Kullum da safe takan bi yara ɗaya-ɗaya tana duba fuskokinsu. Wanda ta ga idonsa ya faɗa sai ta aike shi ya ɗauko mata abu a durowar teburinta, inda take ajiye ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa, ta ce ya ɗebi ladan aike. In sabbin malamai suka kawo mata ƙarar wani yaro cewa daƙiƙi ne, amsarta ɗaya ce: "Kin tabbata yana ji? Kin tabbata yana gani? Ya karya kafin ya zo? Je ki bincika, sannan ki dawo mu yi maganar ƙwaƙwalwarsa."

Mutumin nan mai kayan mota ya ba mu nasa labarin a wurin makoki. Ya ce an kawo shi daga garinsu ba Hausa ba Turanci, ya yi ta kuka a aji ba wanda ya san abin da yake cewa. Da aka tashi Goggo ta kama hannunsa har rumfar uwarsa a kasuwa, ta zauna a kan buhun gari ta ce a koya mata yadda ake cewa zo, da zauna, da kada ka yi kuka, da ka yi ƙoƙari. Washegari ta tare shi da su a bakin aji. Ya ce ta karya kalmomin ƙwarai, har dariya ta kama shi, kuma daga ranar bai ƙara kuka ba.

Ba na so in mayar da ita waliyyiya, don ita ma ba za ta yarda ba. Goggo tana da kaifin harshe. Haƙurin da take yi da yara ba ta yin rabinsa da manya. Ta sha sa matan gidanmu kuka a kan shara ko igiyar shanya. Ba ta iya yabo ba. Ranar da na fara karatu da kaina, muna dawowa daga makaranta na tsaya na haɗa haruffan da ke jikin wani shagon burodi, na karanta da ƙarfi. Na juyo ina jiran ta rungume ni. Ta ce, "To. Sai ki riƙa duba hanya kada mota ta kwashe ki." Amma da yamma ta soya mini ƙwai, abin da sai ran Lahadi muke ci.

Akwai maganar da ta tsana. In mutane suka so su lallashe ta a kan rashin haihuwa sukan ce ai duk yaran makaranta 'ya'yanta ne. Sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ba nawa ba ne. Aro ake ba ni da safe, da rana masu abu su karɓi abinsu." Ta haifi biyu, duk ba su yi kwanan duniya ba. Ba ta taɓa yi mini maganarsu ba, a bakin Baba na ji.

Doka ɗaya ta kafa mini tun ranar da na shiga gidanta: kada in gaya wa kowa maganar kunnena. Ta ce, "Yara ba su da tausayi, manya ma haka. Ki zauna gaba, ki kalli bakin mai magana, ki riƙe sirrinki." Na riƙe. Har na gama sakandare ƙawayena sun ɗauka ni mai son zaman gaba ce kawai, wasu kuma suna cewa ina da girman kai don ba na amsa gaisuwa a hanya.

Ina sakandare wani abu ya same ta, saura kaɗan ta yi ritaya. Ta hana wani yaro wucewa aji biyu don bai iya haɗa baƙi ba. Uban ya shigo har cikin aji yana zaginta, ya hankaɗe ta ta faɗa kan tebur a gaban yara. Mutumin yana da ido a unguwa, aka yi ta roƙon ta ta bar maganar, ba wanda ya tsaya mata. Washegari ta ɗaura zanenta ta koma aji, yaron kuma ta ci gaba da tsugunna masa kamar kowa. Amma ta rage hira a gida. Muryarta ma a lokacin ta fara dishewa, tana yawan gyaran murya, tana cewa ƙurar alli ce.

Ita burinta in karanta haɗa magunguna, aikin da za ka zauna a ɗaki shiru kai da kwalabe. Ni kuwa tun ina aji uku nake jera gwangwanayen madara a bayan ɗaki ina koya musu baƙi. Na nemi kwalejin horon malamai ban gaya mata ba. Ranar da na samu gurbi na tarar da ita tana yanka alayyafo a ƙofar ɗaki.

Na ce, "Goggo, an ɗauke ni a kwalejin horon malamai."

Wuƙar ta tsaya. "Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Aji ɗaya nake so in koyar, kamar ke."

"Kamar ni? Dube ni da kyau. Saurari muryar nan. Kin manta ranar da aka jefar da ni kan tebur? Abin da kike sha'awa ke nan?"

Na ce, "Goggo, da ba ki zo gidanmu ranar nan ba, da a layin jakuna zan ƙare. Akwai wasu a can har yanzu. Wa zai je musu?"

Sai ta ajiye wuƙar. Ta kira ainihin sunana, abin da ba ta taɓa yi a gida ba. Ta ce, "In yaron da ke bayan aji ya ce fitsari yake ji, da wane kunnen za ki ji shi? Za su gano ki, su mayar da ke abin wasa. Kurma ba ta riƙe aji."

Ban taɓa jin kalmar nan a gidan ba. Da wani ne ya faɗa mini, da Goggo ce za ta fara ci masa mutunci. Na tsaya ina kallon bakinta, kamar yadda ta koya mini, don in tabbata abin da na ji shi ta faɗa. Shi ne. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Na shiga ɗaki na haɗa kayana, na hau bas na koma Samaru.

Baba ya yi ƙoƙarin shiga tsakani. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Mamana. Yaya ba ta san ba da haƙuri ba tun muna yara." Ban daina gaishe ta ba. Mukan haɗu a biki ko a Kirsimeti, in durƙusa in ce, "Goggo, kun wuni lafiya?" ta ce, "Lafiya. Ya karatu?" Shi ke nan. Ban ƙara kwana a ɗakinta ba. Haka muka yi kusan duk zamana a kwaleji. Takan aiko mini da daddawa ko turmin zane ta hannun Mama, ba saƙon baki. Mama ta ce kullum tambayarta ɗaya ce: "Tana samun zaman gaba kuwa? Tana jin malaman?" A lokacin ban fahimta ba. Yanzu na san tsoro ne ya yi magana a bakinta ranar nan. Ta ga abin da aikin ya yi wa mai kunne biyu, ta kasa yarda ya taɓa ni.

A shekarar ƙarshe aka tura mu koyarwar gwaji. Aka ba ni wata firamare a nan Samaru, na roƙa aka ba ni aji ɗaya. Ranar farko ina cikin gabatar da kaina wani yaro daga baya ya faɗi wani abu, aji ya fashe da dariya. Ban ji abin da ya ce ba. Maganar Goggo ta dawo mini kalma-kalma. Na ga hanya biyu ce a gabana, ko in ɗauki bulala ko in fita da gudu. Ban san daga ina ta ukun ta zo ba. Na ajiye alli na ce, "Ku dube ni. Kun ga kunnen nan? Ya mutu tun ina kamarku. Ɗayan ma ba shi da ƙarfi sosai. In kuna so in ji ku, ku ɗaga hannu in zo kusa, ku kalli fuskata ku yi magana."

Duk suka zuba mini ido. Can wata 'yar mitsitsiya ta ɗaga hannu. Na je na sunkuya. Ta ce, "Malama, yana yi miki zafi?" Wani ya ce kakarsa ma haka take. Daga ranar, in yaro ya yi magana ban ji ba, sai na kusa da shi su ce, "Ka ɗaga hannu mana, ka manta?" Na kuma roƙi hedimasta ya bar ni in jera bencunan su zagaye ajin, yadda kowa zai ga bakin kowa, ba kuma wanda zai zauna a bayan wani.

Wata safiya ina tsakiyar darasi na ɗaga kai na hango ta a bakin taga. Ta rame har na kusa kasa gane ta, ta naɗe wuya da gyale. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Na daure na ƙarasa darasin. Da aka kaɗa ƙararrawar tara ta shigo a hankali, ta zauna a bencin yara. Muryarta ta koma kamar shafar takarda, sai da na kai kunnena dab da bakinta.

Ta ce, "Kina sauri da yawa. Kuma yarinyar nan mai jan ɗankwali tana matse ido in ta kalli allo. A gaya wa uwarta."

Na ce, "To, Goggo."

Muna haka wani yaro ya shigo da gudu zai kawo ƙara. Ya nufo ni ta hagu, sai ya tsaya, ya zagaya ta dama, ya ja zanena, ya jira na dube shi, sannan ya yi magana. Goggo tana kallo har ya fita.

Ta ce, "Sun sani?"

"Na gaya musu."

"Wa ya ce ki gaya musu?"

"Ba kowa."

Ta daɗe tana kallon bencunan. Sannan ta ce, "Ni kuma shekara da shekaru ina koya miki ɓoyewa." Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Uwata, raka ni in hau keke."

Iyakar haƙurin da ta ba ni ke nan, kuma ya ishe ni. Na riƙe hannunta har bakin titi, ba nauyi a jikinsa. Na ɗauka muna da lokaci. Na ɗauka zan gama, in samu ajina, in riƙa zuwa Sabon Gari ran Asabar tana yi mini gyara.

Ba a jima ba aka kwantar da ita a asibiti a Shika. Ciwon maƙogwaro ne, ya riga ya yi nisa, ashe ta daɗe da sani ta ɓoye mana. Kullum in aka tashi makaranta sai in hau mota in je. Magana ta gagare ta sai da ƙyar, don haka ni nake yi. Ina ba ta labarin yaran, wane ya iya rubuta sunansa, wane ya ciji wane. In na yi daidai ta gyaɗa kai. In na yi kuskure ta ɗaga yatsa ɗaya, ta girgiza shi. An sayo wa mai jan ɗankwali tabarau, da na gaya mata ta lumshe ido ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ranar da ta cika, ranar ce malaminmu daga kwaleji ya zo duba koyarwata. Ta san da zuwansa, ni na gaya mata. Da safe jikin ya rikice, Baba ya ciro waya zai kira ni. Mama ta ce Goggo ta kama masa hannun riga, ta tattara ɗan abin da ya rage mata na murya ta ce, "Kada a fitar da ita daga aji. Sai an tashi." Baba bai taɓa ƙetare maganarta ba, ranar ma bai ƙetare ba.

Ina can ina rera baƙaƙe da yara, ina murna darasi ya yi kyau. Da aka tashi na fito na ga Baba tsaye a ƙofar makaranta, hularsa a hannu. Ina ganinsa na gane ta tafi.

Har yau ban gama yafe mata wannan ba. Da ta bari an kira ni. Darasi ana sake shi. Wani lokaci in zauna in yi ta faɗa da ita a zuciyata, sai in ga kamar tana dubana ta saman tabarau, ba ta da niyyar ba ni haƙuri.

Bayan an share makoki muka je kwashe kayanta, ni da Baba, don mai gida yana son ɗakinsa. Kayan ba yawa. Mun ɗauko a-kori-kura, an loda gado da akwatuna, Baba yana ɗaga wani dogon benci da ke barandarta. Tun da ta yi ritaya a kansa take zaunar da yaran da aka kawo mata da yamma, waɗanda makaranta ta gaji da su.

Sai ga wata mata ta yi sallama, riƙe da hannun yarinya 'yar kimanin shekara bakwai. Ta ce daga Basawa take, mijinta soja ne, an tura shi daji. Ta ce a bariki aka kwatanta mata gidan wata tsohuwar malama. Yarinyar ta maimaita aji ɗaya, har yanzu ba ta iya rubuta komai ba, malaminta ya ce a cire ta a koya mata sana'a.

Baba ya ce, "Ayya, baiwar Allah. Kin makara. Mun binne ta."

Matar ta dafe ƙirji ta yi mana gaisuwa. Ta tsaya jim, kamar ba ta san inda za ta nufa ba, sannan ta ja hannun 'yarta suka juya. Yarinyar ba ta ɗaga kai ba tun da suka shigo. Tana ta murza bakin rigarta, irin ta yaron da ya saba a yi maganarsa a gabansa.

Na ce, "Baba, sauke bencin nan tukuna." Na bi su na ce, "Maman yarinya, ku dawo ku zauna. Bari in gan ta."

Matar ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke ma malama ce?"

Na buɗe baki in ce ban karɓi sakamako ba tukuna. Kafin in yi magana Baba ya ajiye bencin a inuwa, ya share shi da hannun rigarsa, ya ce, "Malama ce. Ku zauna."

Ubangiji Ya ba Goggo hutun da ba ta taɓa ba kanta ba. Ya gafarta mata kaifin harshenta, Ya tuna mata da yaran mutane. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin ɗaukar rashinta. Amin.